Amsa kan irin fitoniya da ya ƙi tsirowa

Hajiya, barka da ƙoƙari. Kin ce kin shuka irin furen fitoniya a watan Afrilu, kin rufe shi da ƙasa, har yau bai tsiro ba. A ganina matsalar biyu ce, wato lokacin shukar da kuma rufewar.

Asalin wannan fure daga Kudancin Amurka yake, kuma danginsu ɗaya da tumatir da taba, amma irinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma ba ya tsirowa sai haske ya same shi. Saboda haka ki yafa shi a saman ƙasa mai laushi wadda aka cakuɗa da yashi da takin da ya ruɓe sosai, ki danna shi kaɗan da tafin hannu, sannan ki rufe kaskon da farar leda domin danshi ya zauna. Kada ki kwarara ruwa daga sama, domin zai wanke irin. Yayyafi ya isa.

Yakan tsiro cikin kwana 7 zuwa 10 idan zafi yana wajen digiri 24, alhali bazarar Sakkwato takan haura 40. Ki bari sai ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Idan ganye huɗu suka fito ki yi dashe a inda rana ke samu da safe, kuma zai yi fure bayan mako 10 zuwa 12 daga ranar shuka, cikin hunturu. Ki riƙa tsinke furen da ya bushe domin sabo ya fito.