Tambaya da Amsa: Ƙabila da Jinsi Ne Ke Zaɓa Mana Shugaban Ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Aboabo, nan Kumasi. Mun yi doguwar gardama da ƙanin maigidana, wanda ya dage cewa Kamala Harris ta faɗi zaɓen Amurka na 2024 ne kawai domin ita mace ce kuma baƙar fata, ya kuma ce a Ghana ma ba za a taɓa zaɓen mace ko ɗan zango shugaban ƙasa ba. Abin ya dame ni, domin akwai 'yan mata masu hazaƙa a ajina waɗanda nake gaya musu cewa babu kujerar da ta fi ƙarfinsu. Shin yaudararsu nake yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi wa yaranmu. Ba yaudararsu kike yi ba, sai dai maganar ƙanin maigidanki ma tana da ƙamshin gaskiya, kuma ya kamata mu raba ta gida biyu, domin yadda ƙabila ke aiki a zaɓe daban ne da yadda jinsi ke aiki.

Batun Amurka ba zai ɗauke mu lokaci ba. Wariyar launin fata tsohon ciwo ne a can, kuma babu mai hankalin da zai ce ta gushe, amma ƙasar da ta ƙi Harris ita ce ta zaɓi Barack Obama har sau biyu, a 2008 da 2012. Hillary Clinton, wadda farar fata ce, ta fi Donald Trump yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3 a 2016, ta kuma rasa kujerar saboda tsarinsu na wakilan jihohi. Ita Harris ta shiga takara ne a watan Yuli bayan Joe Biden ya janye, tana ɗauke da laifin tsadar rayuwa da jama'a suka ɗora wa gwamnatin da take mataimakiyar shugaba a cikinta. Launinta da jinsinta sun rage mata wasu ƙuri'u, sun kuma jawo mata wasu, amma wanda ya ce su kaɗai ne dalili ya manta da farashin abinci da kuɗin haya.

A nan gida kusan dukkanmu launinmu ɗaya ne, saboda haka abin da ke tsaye a matsayin launin fata shi ne ƙabila da yanki da addini. Ko Jerry Rawlings, wanda mahaifinsa mutumin Sikotland ne, ya ci zaɓe a 1992 da 1996, kuma abin da aka fi tunawa a siyasarsa shi ne goyon bayan dangin mahaifiyarsa, 'yan ƙabilar Ewe na yankin Volta. Kowa ya san Volta ta jam'iyyar NDC ce, Ashanti kuma ta jam'iyyar NPP. Sai dai kundin tsarin mulkin 1992 ya shimfiɗa sharaɗin da ya hana wannan biyayya ta ƙabila zama hukuncin ƙarshe: dole ne wanda zai zama shugaban ƙasa ya sami fiye da rabin ingantattun ƙuri'un da aka kaɗa. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa Akan, waɗanda suka fi kowa yawa, ba su kai rabin al'ummar ƙasa ba, kuma su kansu ba bakinsu ɗaya ba, domin Fante na bakin teku ba sa bin Asantawa ido rufe. Shi ya sa yankunan Central da Western da Greater Accra, masu sauya ra'ayi daga zaɓe zuwa zaɓe, suka fi yanke hukunci. A 2008 tazarar da John Atta Mills ya ba Nana Akufo-Addo ba ta wuce ƙuri'a dubu 40 da 'yan kai ba, har sai da aka jira mazaɓar Tain kafin a bayyana wanda ya ci.

Zaɓen 7 ga Disamba 2024 shi ne ya fi ba ni hujja a kan ƙanin maigidanki. Manyan 'yan takara biyu duk 'yan Arewa ne: John Mahama na NDC, Bagonje kuma Kirista daga Bole, da Mahamudu Bawumia na NPP, ɗan ƙabilar Mamprusi daga Walewale, Musulmi na farko da wata babbar jam'iyya ta tsayar. Yankin Ashanti, inda Kiristoci suka fi rinjaye, ya ba Bawumia rinjaye, yayin da mazaɓar Asawase, inda ke kanki kike zaune kuma Musulmi suka yi yawa, ta ci gaba da zama a hannun NDC. Mahama ya ci da sama da kashi 56 cikin ɗari. Da addini ko ƙabila ne kaɗai ke jan hannun mai kaɗa ƙuri'a, da sakamakon waɗannan wurare biyu ya juye. Jam'iyya da tarihi da halin aljihu sun fi ƙarfi a wannan karon, bayan da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022. Kada kuma a manta cewa tun 1979 aka zaɓi Hilla Limann, ɗan Gwollu a can ƙuryar Arewa.

Duk da haka, ɗan zango yana da wani ƙalubale nasa na daban, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kundin tsarin mulki ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya kasance ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, kuma ya kai shekara 40. Mutum da yawa a cikinmu sun cika wannan sharaɗi, amma tun dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 aka bar wani tabo na zargi a kan duk mai sunan Hausa ko na Fulani ko na Zabarmawa. Har yau a wurin rajistar masu zaɓe akan ga dattijon da kakansa ke kwance a maƙabartar Tafo, yana tsaye a layi da katinsa a hannu, wani wakilin jam'iyya ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana tambayarsa ainihin garinsu. Wannan abin baƙin ciki ne, kuma muddin ana yinsa, jam'iyyu za su ci gaba da jin tsoron tsayar da ɗan zango a kan kujera ta ɗaya.

Batun mata ya fi wannan nauyi, kuma a nan ne nake son ki tsaya da kyau. Mata sun ɗan fi rabin al'ummar Ghana, amma a majalisar da aka zaɓa a 2020 su 40 ne kacal cikin 275. Ba a taɓa gwada masu zaɓe da gaske ba, domin NPP da NDC, waɗanda su kaɗai ke karɓar mulki tun 1992, ba su taɓa tsayar da mace takarar shugaban ƙasa ba. Nana Konadu Agyeman-Rawlings, wadda ta fara bayyana a takardar zaɓe a 2016, a ƙaramar jam'iyya ta tsaya, haka ma Akua Donkor a 2020, kuma namiji ma ba ya cin zaɓe daga irin waɗannan jam'iyyu. Ashe kenan tun a zaɓen fid da gwani ake tare wa mace hanya, inda wakilan jam'iyya, waɗanda yawancinsu maza ne, ke zaɓen wanda ya daɗe yana halartar jana'iza da bikin suna yana kuma biyan kuɗin mota. Tarurrukan da ake ƙulla komai a cikinsu da daddare ake yinsu, kuma matar da ta halarta sai an yi da ita a unguwa, alhali namijin da ke zaune kusa da ita jajircewa ake yaba masa. Ragin da hukumar zaɓe ta yi wa mata a 2024, daga sidi 100,000 zuwa 75,000 na kuɗin takardar takara, abin yabo ne, amma kuɗin takarda ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da yaƙin neman zaɓe ke ci.

Na san a zango za a kawo miki hadisin da ke cikin Bukhari game da mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace. Malamai sun yi saɓani a kan faɗinsa, wasu na ganin ya shafi kowane shugabanci na ƙoli, wasu kuma na ganin ya shafi halin da masarautar Farisa ke ciki a lokacin, kuma wannan fage ne na malaman fiƙihu da ya kamata a tambaye su cikin ladabi. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne, Fakistan ta zaɓi Benazir Bhutto a 1988, Bangaladash kuma ta shafe shekaru masu yawa ƙarƙashin Khaleda Zia da Sheikh Hasina, kuma dukkansu ƙasashen Musulmi ne. A nahiyarmu Laberiya ta zaɓi Ellen Johnson Sirleaf a 2005, Namibiya kuma ta zaɓi Netumbo Nandi-Ndaitwah a 2024.

Abin da za ki nuna wa ɗalibanki yana nan kusa. A ranar 7 ga Janairu 2025 aka rantsar da Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang a matsayin mace ta farko mataimakiyar shugaban Ghana, bayan ta shugabanci Jami'ar Cape Coast ta kuma riƙe ma'aikatar ilimi. A 2024 majalisa ta zartar da dokar daidaita damar jinsi, wadda ta sa burin mata su kai kashi 30 cikin ɗari na muƙaman yanke shawara zuwa 2026, da rabi a shekarun da ke biye, ko da yake kujerun majalisa ba sa samuwa sai jam'iyyu sun tsayar da mata a mazaɓun da suke da tabbacin ci.

Shawarata gare ki, Malama, ita ce ki bar 'yan matan su tsaya takarar shugabancin aji da na ƙungiyar muhawara tare da maza, kada a ware musu kujerar mataimakiya tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Ku kuma iyaye mata na Aboabo da Sabon Zongo, waɗanda kuke cika filin gangami da ankon jam'iyya, ku nemi shiga cikin shugabannin rumfar zaɓe na jam'iyyunku, ba a kujerar shugabar mata kaɗai ba, har da ta ciyaman da ta sakatare, domin waɗannan su ne wakilan da ke fid da ɗan takarar majalisa, kuma su ne 'yan takarar shugaban ƙasa ke bi gida gida suna neman goyon bayansu.