Amsa ga mai tambaya kan kalmomin feɗe adabin Turanci

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina shirin zana jarrabawar adabin Turanci ta WAEC, kin haddace kalmomin nazari masu yawa da ma'anoninsu, amma da zarar an ajiye miki waƙar da ba ki taɓa gani ba sai kanki ya ɗaure, musamman wajen gano ma'aunin waƙa. Wannan matsala ba taki ba ce ke kaɗai, kuma tana da dalili.

Takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi. 20 daga cikinsu kan sanin kalmomin adabi ne kai tsaye, 5 kan guntun zube da ba a gani ba, 5 kan waƙar da ba a gani ba, sauran 20 kuma kan wasan Shekisfiya da aka sanya a manhaja. Haddar ma'ana za ta ɗan taimaka a kashin farko kawai. A sauran, da kuma takardun rubutu, abin da ake nema shi ne ki ga kalmar tana aiki a cikin matani, ki nuna inda take, ki faɗi abin da ta ƙara wa ma'ana.

Bari in fara da ma'auni, domin nan ne kunnen Bahaushe ya fi yaudararsa. Rubutacciyar waƙar Hausa, kamar ta Larabci da ta ɗauko aruli daga gare ta, tana auna tsawon gaɓa ne: wannan gajera, wannan doguwa. Waƙar Turanci ba ruwanta da wannan. Ita dannawa take ƙirgawa, wato gaɓar da ake furtawa da ƙarfi da wadda ake wucewa a kanta da sauƙi. Ɗauki kalmar today: gaɓa ta biyu ake dannawa. A garden kuwa ta farko ce. Ƙafa ita ce ƴar ƙungiyar gaɓoɓin da ke maimaituwa a layin waƙa. Ƙafar da ta fara da mai rauni ta ƙare da mai ƙarfi ita ce ayamb, kishiyarta kuma turoki. Idan masu rauni biyu suka gabaci mai ƙarfi, kamar a understand, anafes ke nan, idan kuma mai ƙarfi ce a gaba biyu na biye, kamar a merrily, daktil ce. Sunan ɗango, wato layin waƙa, yana fitowa ne daga yawan ƙafafunsa: huɗu tetiramita, biyar fentamita. Saboda haka ayambik fentamita ba wani abin tsoro ba ne, ayamb biyar ne a jere, gaɓa goma.

Ga yadda za ki yi a aikace. Ɗauki ɗangon farko na sonet (waƙa mai ɗango 14) ta 18 ta Shekisfiya: Shall I compare thee to a summer's day? Kada ki fara daga kalmar farko. Fara da kalmomi masu gaɓa biyu ko fiye, domin su dannawarsu a kafe take, ƙamus ma yana nuna ta da ɗan alama. A compare ta biyu ce, a summer's ta farko. Sai ki sa alama a kan sunaye da aikatau masu gaɓa ɗaya, kamar day. Ƙananan kalmomi irin su a da to ki bar su a ƙarshe, tsarin da ya riga ya bayyana shi zai nuna miki matsayinsu. Za ki samu, da gaɓoɓi masu ƙarfi cikin manyan haruffa: shall I, comPARE, thee TO, a SUM, mer's DAY. Ƙafa biyar cif.

Abubuwa uku ne ke ɓata wannan lissafi. Na farko, harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe, sai mu cusa wasali a tsakani ba tare da mun sani ba. Shi ya sa school ke zama sukul a bakinmu, gaɓa biyu, alhali ɗaya ce. Haka strength, duk tsawonta a ido gaɓa ɗaya ce tak. Wanda ya ƙirga da irin wannan furuci zai samu gaɓa goma sha biyu ko sha uku a ɗangon da goma ne, sai ya ce babu ma'auni. Na biyu, akwai kalmomin da dannawarsu ke sauyawa da aikinsu: record idan suna ce gaɓar farko ake dannawa, idan aikatau ce ta biyu. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, mawaƙi ba injin ƙirga ba ne, yana karya tsarin da gangan. Yakan buɗe ɗango da turoki don ya fizgi hankali, ko ya ƙara gaɓa mai rauni a ƙarshe. Shahararren ɗangon Hamlet, tauraron wani wasan Shekisfiya, To be or not to be, that is the question, gaɓa 11 ne, kuma wannan rarar ta ƙarshe tana barin maganar a rataye kamar yadda zuciyar mai faɗinta take. Don haka kada ki yanke hukunci da ɗango ɗaya. Auna huɗu ko biyar, wanda ya fi rinjaye shi ne ma'aunin, kuma wurin da aka karya shi nan ne ya kamata ki tsaya ki tambayi dalili.

Amsa-amo ya fi sauƙi, sai dai shi ma da kunne ake kama shi. Rubutun Hausa kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, wannan ya sa muke amince wa ido. A Turanci kuwa love da move sun yi kama a takarda amma sautinsu daban, shi ake kira amsa-amon ido. Haka lamarin yake ga maimaita sautin farko, wanda suke kira aliterashan: phone da fish sun dace, knight da king ba su dace ba. Wajen laƙaba haruffa don nuna tsarin amsa-amo, ba wa sautin ƙarshen ɗango na farko harafin a, duk wanda ya yi daidai da shi ma a, sabon sauti kuma harafin b. Idan waƙa ta kai ɗango 14, duba tsarinta. Idan abab cdcd efef gg ne, sonet ce irin ta Shekisfiya, kuma ɗango biyun ƙarshe su ne ke ɗauke da hukunci. Idan ta fara da abbaabba, irin ta mawaƙi Fetirak ɗan Italiya ce, ɗango takwas da ɗango shida, kuma akalar tunani takan juya a ɗango na 9. Ki kuma kiyaye bambancin nan da ake yawan tambaya: bilank bas tana da ma'auni na ayamb biyar amma ba ta da amsa-amo, ita ce mafi yawan abin da manyan taurarin Shekisfiya ke magana da ita, firi bas kuwa ba ta ɗaure da ko ɗaya. Idan jimla ta tsallaka zuwa ɗango na gaba ba tare da tsayawa ba, saɓi-zarce ke nan kamar yadda muka sani a nazarin waƙar Hausa, su kuma suna cewa enjambmen.

A adon harshe kin riga kin fi yadda kike zato sani. Simili shi ne kamance: Audu kamar zaki. Metafo shi ne siffantawa: Audu zaki ne. Tarkon da ke nan shi ne ba duk inda aka ga like ko as ne kamance ba. Sai an haɗa abubuwa biyu da jinsinsu ya bambanta. Yaro mai tsawo kamar ubansa bayani ne kawai. Biyun da suka fi rikitarwa su ne metonimi da sinekdoki, kuma Hausa na raba su nan take. Idan aka ce fada ta hana, an ambaci wuri ana nufin sarki da majalisarsa, wannan metonimi ne, alaƙar kusanci. Idan magidanci ya ce baki goma yake ciyarwa, ya ambaci sashe yana nufin mutum sukutum, wannan sinekdoki ne. Ya riga mu gidan gaskiya sakaya zance ne, shi suke kira yufemizim. Mutuntarwa da kambamawa kuwa ba sa buƙatar dogon bayani.

A zube, kuskuren da ya fi cin maki shi ne ɗaukar mai ba da labari a matsayin marubuci. Idan labari ya ce "ni", tauraro ne marubuci ya ƙirƙira, yana iya yin ƙarya ko ya kasa fahimtar abin da ke gabansa. Sai jigo: soyayya ko talauci batu ne kawai. Jigo cikakkiyar magana ce, misali yadda talauci ke tilasta wa iyaye yanke shawarar da za ta cutar da 'ya'yansu. Ton halin marubuci ne game da abin da yake magana a kai, mud kuwa yanayin da aka jefa mai karatu a ciki.

A wasan kwaikwayo, ki tambayi kanki kullum: wa ke ji, wa kuma ya sani? Solilokwi zancen zuci ne da ɗan wasa ke yi a fili yana shi kaɗai a dandamali. Asaid gajeriyar magana ce da yake jefa wa masu kallo alhali akwai wasu a wurin, a ɗauka ba su ji ba. Ayroni na wasa kuwa yana faruwa ne idan mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. A wasan Otello na Shekisfiya, duk lokacin da Otello ya kira Iyago mai gaskiya, mu da muka ji Iyago yana ƙulla makircinsa mun san akasin haka ne, kuma daga wannan sanin ne fargabar wasan take fitowa.

Wajen rubuta amsa, kowace kalmar nazari ki ba ta jimla uku: sunanta, gajeren misali daga matanin a cikin alamar zance, sannan abin da ta yi wa jigo ko tauraro. Kada ki rubuta cewa ta ƙara wa waƙar armashi, domin wannan ya dace da kowace waƙa, mai duba takarda kuma ba zai ba shi maki ba. Kalmomi uku da aka bi da su haka sun fi goma da aka jera. Don horon kunne kuma, ki riƙa ɗaukar ɗango huɗu a rana, ki saurari yadda mai harshen ke karanta su a YouTube, ki buga tebur da yatsa a kan kowace gaɓa mai ƙarfi, sannan ki duba ƙamus ki ga inda yatsanki ya saɓa.