Jikana Ya Ƙi Marina

Tambaya: Malam, ni marini ne a Kano, na gaji sana'ar wurin mahaifina. Jikana mai shekara 15 ya ce rini aikin tsofaffi ne, kullum yana kan waya. Yaya zan yi?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Kada ka fara da faɗa. Ni kakana bai taɓa zaunar da ni ya ce zai koya mini komai ba. Kwaryar toka kawai yake miƙo mini ya ce, "Riƙe." A haka na san yadda ake haɗa baba (shukar da ake samun shuɗin rini daga ganyenta) da toka da kanwa, a bar ruwan kwanaki har ya nuna.

Ka kai shi marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Ka ba shi farin ƙyalle ya tsoma da hannunsa, ya ga yadda yake fitowa kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Yaro ba ya manta wannan.

Wayar kuma kada ka raba shi da ita. Ya ɗauki hoton zanen da ya rina ya nemo masu saye, ka ware masa kasonsa a gaban mahaifinsa.