Za mu zaga dajin Ngel Nyaki, wane takalmi zan saya?

Wani ɗalibi daga Jalingo ya turo cewa shi da abokansa za su hau Mambila su zaga dajin Ngel Nyaki a ƙafa, tafiyar wajen awa 5 su dawo inda suka fara, kuma naira dubu 40 ce gare shi, ya sayi sabon but ko ya tafi da kambas ɗinsa?

Ɗan'uwa wallahi na ji daɗin tambayar nan. Ngel Nyaki yana kusa da ƙauyen Yelwa a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 46, a tsayin mita 1,400 zuwa 1,600, kuma dajin a jikin gangaren dutse yake kwance. Wato daga ciyawar sama za ku fara gangarawa cikin itatuwa, hawan kuma sai a dawowa lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. A kan wannan za ka yi lissafin duk abin da za ka saya.

Kar ka sayi sabon but ana gobe tafiya, don Allah kar ka yi, sabon takalmi kafin awa biyu ya yi maka bororo a dunduniya kuma babu mashin ɗin da zai shigo cikin dajin ya ɗauke ka. Ka juya kambas ɗin naka ka duba ƙasansa, in zanen sol ɗin yana nan da zurfi to ya isa, in ya shafe ya yi sumul ka ajiye shi don ganyen da ya ruɓe a ƙasa da jijiyoyin itatuwa santsi gare su ko ba a yi ruwa ba. In saye ya zama dole ka shiga wajen 'yan gwanjo da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tafi da safa mai kauri ka gwada da ita, ka tabbata akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, saboda a gangara ƙafa gaba take zamewa yatsu su riƙa dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Ka lanƙwasa shi da hannu ka ga ko gam ɗin ya fara saki. Sannan ka yi sati biyu kana yawo da shi. Farcen ma ka yanke.

Ragowar kuɗin ka ware na ɗan jagora, mutumin wajen da ya san hanya, kuma ku nemi izini kafin ku shiga don gandun daji ne mai kariya, akwai masu bincike da ke aiki a ciki, ga birai masu farin hanci har da cimfanzi duk da ba lallai ku gan su ba.

Wata baiwar Allah daga Yola kuma ta ce ita sanyi take tsoro, ko ta sayi babbar jaket?

Ƙanwata babbar jaket ɗaya za ta zame miki kaya. Da asuba Mambila akwai sanyi da hazo sosai, amma kina fara hawa zufa za ta keto, gara riga mara nauyi a ciki da suwaita a sama wadda za ki cire ki cusa a jakar goyo, sai 'yar rigar ruwa. Ki sa wando a ƙarƙashin doguwar rigarki, hijabin kuma gajere don kar reshe ya kama shi. Ruwa lita 2, rabi ki bar shi don hawan dawowa, da dabino da gyaɗa da filasta, waya a cikin leda. Ku sa tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da damina hanyar hawa Mambila daga garin Serti ma kanta aiki ce, kuma ku fita da sassafe yadda la'asar za ta same ku a Yelwa.