Me ya sa harsashina ke kaucewa a yadi 1,000, iska ce ko harsashin ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Ingila, na shiga ƙungiyar masu wasan harbin allo, muna zuwa filin Bisley. Bindigata .308 Winchester ce. A yadi 300 ba ni da matsala, amma da mun koma yadi 1,000 sai harbina ya watse hagu da dama. Abokaina sun ce in sayar da ita in sayi 6.5 Creedmoor. Shin laifin harsashi ne ko na iska?

Amsa: Ɗan'uwa, kai da kanka ka faɗi rabin amsar da ka ce hagu da dama. Ka ɗauki allonka ka duba ramukan. In sun jeru a kwance kamar shanyar kaya a igiya, aikin iska ne. In sun hau sama sun sauko ƙasa, to harsasan ne ba sa fita da gudu ɗaya, ko kuma riƙonka ne ke canzawa. Naka a kwance suke, saboda haka kada ka yi gaggawar kai bindiga kasuwa.

Mutane da yawa suna zaton iska na ture harsashi ne gwargwadon daɗewarsa a sama. Ba haka lissafin yake ba. Abin da ke aiki shi ne jinkirin da iska ta jawo masa. Ɗauki ƙwayar .308 mai nauyin giren 175, wato giram 11 da ɗoriya, da ta bar bakin bindiga da gudun ƙafa 2,600 a sakan. Da ba ta rage gudu a hanya, da ta cinye yadi 1,000 cikin sakan 1.15. A zahiri sai ta yi kusan sakan 1.7. Wannan rarar ta rabin sakan da ɗan kai ita ake ninkawa da gudun iskar. Iskar mil 10 a awa tana tafiyar inci 176 a sakan, don haka ƙwayar za ta kauce da wajen inci 100. Ƙafa takwas ke nan, ya fi tsawon ƙofar ɗaki.

To raba wannan gida goma. Duk kuskuren mil ɗaya da ka yi wajen kintatar iska, inci 10 ne a kan allo. Da'irar cikakken maki a allon F-Class, wato gasar harbin nesa da ake yi a kwance, na wannan nisa faɗinta kusan inci 10 ne, ta cikinta kuma rabin haka. Iskar da ko gefen rigarka ba za ta kaɗa ba ta isa ta fitar da kai.

Abokanka ba ƙarya suka yi ba. Kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor a 2007 musamman don irin wannan wasa. Ƙwayarta ta giren 140 doguwa ce siririya, tana ratsa iska ba ta saurin gajiya, abin da lambar BC da ke jikin kwali, wato ma'aunin iya ratsa iska, ke nunawa. A iskar nan ta mil 10 kaucewarta wajen inci 70 ne, kuma ba ta naushin kafaɗa kamar .308. Sai dai ka lura, abin da ta yi maka shi ne rage tarar kuskure daga inci 10 zuwa 7. Ba ta karanta maka iska. Ga kuma abin da na tabbata ba su gaya maka ba: gasar F-Class aji biyu ce, F-TR da F-Open, kuma a ajin F-TR, .223 da .308 kaɗai aka yarda da su. Ranar da ka riƙi 6.5 ka koma ajin F-Open, inda za ka kwanta kusa da masu manyan harsasan milimita 7 irin su .284 Winchester, ka ga an gudu ba a tsira ba. Bututun 6.5 ma ya fi na .308 saurin cinyewa.

Abin da zan so ka duba a harsashinka shi ne ko yana isa allo da gudun da ya wuce na sauti, wato kusan ƙafa 1,120 a sakan, domin in gudunsa ya sauko nan yana iya fara tangaɗi. Tsohuwar ƙwayar giren 168 ta yi suna wajen tangaɗi kafin ta kai yadi 1,000. In ita kake sawa, koma 175, ko 155 irin wadda 'yan gasar harbin nesa ta Palma ke harbawa a yadi 800, 900 da 1,000.

Sauran aikin na ido ne. Ka ɗauki filin kamar fuskar agogo, allo a ƙarfe 12. Iskar da ta zo daga ƙarfe 3 ko 9 ita ce mai cikakken ƙarfi, ta ƙarfe 1 ko 11 kuwa rabi ce. Shi ya sa iskar da ke fuskantarka tana lilo tsakanin 11 da 1 ta fi kowace cin amana: yanzu tana tura ka dama, kafin ka ja kunama ta koma hagu. Tutocin nuna iska na Stickledown, filin harbin nesa na Bisley, kuma ba sa magana da baki ɗaya, ta kusa da kai na iya kwantawa ta tsakiyar fili tana tsaye ƙyam.

Ni na fi yarda da kawalwalniya, wannan rawar zafi da muka saba gani a kan kwalta da tsakar rana. Ka juya madubin hangen nesanka ya kama tsakiyar fili maimakon allon, za ka gan ta tana malala kamar ruwa. In ta miƙe sama tana tafasa, ko iska ta tsaya ko tana shirin juyawa, to ɗauke yatsanka. Zaɓi yanayi ɗaya da ya fi yawan dawowa, ka daidaita saitinka a kansa, ka riƙa harbi sai in ya dawo.

A zuwanka na gaba ka tafi da littafi da biro. Kafin kowane harbi rubuta abin da ka kintata, bayan an nuna ramin rubuta abin da ya kamata ka sa. Ka yi haka da .308 ɗinka har wannan kakar ta ƙare, sannan ka sake rubuto mini mu duba littafin tare kafin a yi maganar ciniki.