Wai Iya Abubakar ya zama farfesa yana ɗan shekara 28?

Tambaya: Malam, ɗana ya gama digiri na biyu a lissafi. Wani ya ce zai samo masa digirin dakta daga ƙasar waje cikin wata shida in mun biya, wai ai Farfesa Iya Abubakar ma bai kai talatin ba ya zama farfesa. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi ko sisi. An haifi Iya Abubakar a Belel ta Adamawa a Disamba 1934. Ya bi ta Kwalejin Barewa, ya fito da daraja ta ɗaya a digirin farko a Ibadan, ya yi dakta a Kambrij ta Ingila, inda ya yi bincike kan yadda girgiza ke ratsa abu mai tauri. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta buɗe a Oktoba 1962 yana ɗan 27, takardun bincikensa na farko ke fitowa. Kujerar farfesa sai a 1967, ya haura talatin. Ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, bayan Norman Alexander da Ishaya Audu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda dillalan takardu ke fakewa da sunansa. Kullum sai an zo mana da wannan magana, wai mai ƙwaƙwalwa ba ya bin layi. Ƙarya ce! Digirin dakta aƙalla shekara uku ne na cikakken karatu, da kundin da ya zo da sabon abu, da mai jarrabawa daga wata jami'a da zai titsiye ɗalibi baki da baki. A lissafi kuwa babu wurin ɓuya: hujja ko ta tsaya ko ta rushe, layi ɗaya ya karkace an gama. Farfesa kuma ba digiri ba ne, muƙami ne. Ana hawa daga ƙaramin malami zuwa babba, galibi shekara uku tsakanin mataki da mataki, sannan a aika wallafe-wallafen mutum ga masana na waje su auna.

A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin ƙasashen Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin mako shida. Ranar da asiri ya tonu, aiki ya tafi, suna ya ɓaci, dillali kuma ya kashe waya. Mu ji tsoron Allah, yaran da ɗanki zai koyar amana ce.

Ɗanki ya nemi gurbi a jami'ar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta amince da ita, ya fara samun malamin da zai duba aikinsa kafin ya sayi fom.