Ƙirga ƙwayoyin sankara a cikin jini: idan ba a ga ko ɗaya ba, an warke?

Tambaya: Mahaifiyata tana fama da sankarar mama da ta bazu zuwa ƙashi. Likita ya ce za a ɗebi jininta a ƙirga ƙwayoyin cutar da ke yawo a ciki. Idan ba a samu ko ɗaya ba, ta warke ke nan?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya. Rashin ganin ƙwaya alama ce mai daɗi, 'yar'uwa, amma ba ya nufin warkewa.

Ƙari yakan saki wasu ƙwayoyinsa su bi jini, sai dai 'yan ƙalilan ne a tsakanin biliyoyin ƙwayoyin jini. Hanyar da aka fi sani ita ce CellSearch, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004. Mililita 7.5 na jini ake aunawa. A gauraya shi da ƙananan ɓurɓushin ƙarfe masu manne wa wani furotin da ake kira EpCAM a bayan ƙwayar sankara, maganaɗisu ya jawo su, sannan a rina su don a bambance su da fararen ƙwayoyin jini. A sankarar mama da ta furostet (wani sashen jikin namiji da ke ƙarƙashin mafitsara) da suka bazu, ƙwaya 5 zuwa sama na nuna cutar na da ƙarfi. A ta babban hanji 3 ne ma'aunin.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wasu ƙwayoyin kan sauya kama su daina fitar da EpCAM, kuma sau da yawa irinsu ne suka fi saurin bazuwa, sai maganaɗisun ya wuce su, sakamako ya fito sifili. Jinin ma yana da sharuɗɗa: kwalba ta musamman mai sinadarin adanawa, ba a sa shi a firiji, kuma a auna shi cikin awa 96. Idan ana yi wa Mama allurar doksorubisin, ɗaya daga cikin magungunan kemo masu kashe ƙwayoyin sankara, a gaya wa ɗakin gwaji, domin sai an jira kwana 7 bayan allurar kafin a ɗebi jinin.

Amfanin gwajin ya fi fitowa idan an maimaita: adadi kafin fara magani, da adadi bayan makonni kaɗan. Ko da bai sauka ba, kada a yi gaggawar sauya magani. Wani babban bincike a Amurka, da aka wallafa a 2014, ya nuna sauya maganin kemo da wuri saboda wannan adadin kaɗai bai ƙara wa marasa lafiya tsawon kwana ba. Ki roƙi likita ya haɗa sakamakon da hoton sikanin da yadda Mama ke jin jikinta kafin a yanke shawara.